Godiya Bayan Zamanmu Kan Injin Sola Da Noman Rani

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, zaman da muka yi ranar Asabar ya tashi lafiya. A madadin 'yan kwamiti, ina miƙa godiya ga iyayenmu masu unguwanni da suka ba mu wuri, da 'yan'uwa manoma da suka taso daga Kura, Bunkure da Garun Malam, alhali tumatir da albasa na jiran ruwa.

Kowa ya san abin da ya tara mu. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Wanda ruwan madatsar Tiga ke gangarowa har gonarsa da ɗan sauƙi. Mai jan ruwa da inji kuwa ya ji a jikinsa. Wasu sun mayar da injinsu na gas, wasu sun rage fili.

Mun gode wa injiniyan da ya haɗa faifan sola a gabanmu har ruwa ya zubo ba ɗigon fetur. Shi ya tuna mana cewa a 2021 Najeriya ta yi alƙawari a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Glasgow cewa za ta kai ga daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake zuƙewa daga iska nan da 2060, kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai farfaɗo da ƙasar noma da inganta sarrafa ruwa, ya zo da dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Wato akwai kuɗi a wannan harka, sai dai wa zai kai gare su?

Amma godiyata mafi girma tana ga waɗanda suka faɗi abin da ba a so a ji. Makanikin da ya miƙe ya tambaya, in kowa ya koma sola, shi da yaran shagonsa ina za su nufa? Wallahi maganarsa ta tsaya mini a rai, domin shi ke tashe mana inji ko da tsakar dare. Hajiyar da ta ce kuɗin sola a dunƙule ake biya, don haka mai hali zai saya ya riƙa sayar wa talaka ruwa. Da Baba, dattijonmu, da ya ja kunne cewa in jan ruwa ya zama kyauta, mutane za su bar inji yana zuba har ruwan ƙasa ya yi nisa. Ga faifan jabu a kasuwa, ga ɓarayin dare.

Ni ina goyon bayan sola, amma a saya a ƙungiyance, a biya bayan girbi, kuma makanikanmu su fara koyon haɗawa da gyara. Kwamiti zai je ya ji farashi ya kawo mana bayani a zama na gaba. Mata da suka yi girki da matasan da suka jera kujeru, Allah ya saka da alheri, ya ba mu kaka mai albarka.