Na Kammala Wa'adina a Kwamitin Ɗalibai

Alhamdu lillahi, a wannan makon na miƙa ragamar kwamitin da na jagoranta a APAGS, reshen ɗalibai na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wanda aka kafa a 1988. Galibin aikin sauraro ne, musamman sauraren masu neman gurbin horon aiki na shekara guda, wanda ba a ba ɗalibi digirin digirgir a fannin duba masu matsalar tunani da halayya sai ya kammala shi. Wata ɗaliba ta nuna mini takardar da ta jera wuraren da ta nema, kowanne da kuɗinsa a gefe. Wannan takarda ce muka kafa hujja da ita gaban manyan ƙungiyar kan batun kuɗin neman gurbin, kuma sun saurare mu da mutunci.