Taliyar Guwanzu

Jiya da dare na sauka Damagaram, ƙafafuna a kumbure, amma bari in ba ku labarin nan tun da ɗuminsa.

Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 muke ganin Shinuwa, amma abincinsu sai jita-jita: wai kwaɗi, wai maciji. Da wannan tsoron na isa Guwanzu, wani birni a ƙasarsu ta Sin, sarin kayan gyaran waya. Kwana huɗu ina unguwar Shawbe ina cin shinkafa da miya wurin 'yan Afirka, kwano ɗaya kuɗin cefanen gidana na yini. Tsadar rashin imani, ga miyar lami.

Ran Juma'a muka yi salla a masallacin da ake cewa kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas na nan. Wani dattijo ɗan Maraɗi ya ji kukana, ya ce, "Alhaji, kuɗinka kake zubarwa. Nemi allo kore mai rubutun halal. Ka ga farar hula a bakin tukunya, ka ga 'yan gari sun cika wurin, to shiga."

Ya ja ni wani lungu, shago mai tebur shida. Wani saurayi ya ɗauki curin ƙullu yana ja, yana ninkewa, yana bugawa a kan katako, kafin ka ce kwabo ya zama zare-zare. Ba injin murji irin na matanmu, hannu kawai! Taliyar Lanju suke ce mata. Romon naman sa ne garau, da man barkono da ɗanyen ganye a sama. Yuwan 15, wajen jaka da dala arba'in. Shayi kyauta, kana shanyewa ana ƙara maka. Da mai shagon ya ji na yi bismilla sai ya dafa ƙirji ya yi mini sallama, ya kawo cokali mai yatsu ba tare da na roƙa ba, ya ƙara tsinken nama biyu, ya ƙi karɓar kuɗinsu. Naman dai gaskiya bai kai tsirenmu na Kasuwar Dole ba, babu ƙuli, kuma yankan siriri ne ƙwarai. Amma romon nan, wallahi har yanzu ina jinsa a harshe. Sauran kwana tara can na ci.

Dawowa ta Adis Ababa. A filin jirgi wani ma'aikaci ya zazzage jakata yana daka mini tsawa, kamar na sato kayan. Daga Yamai kuma kilomita wajen 900 a bas. Kwalbar man barkonon da mai shagon ya ba ni ta iso lafiya, uwargida ta riga ta zuba a dambun safe.