Makon da na yi ina tonon tarihin wani ofishin baristoci a Landan

Ina karatun digiri na biyu a Landan na samu gurbin koyon aiki na mako guda a wani ofishin baristoci da ke New Square, cikin harabar Lincoln's Inn, wata tsohuwar ƙungiyar baristoci. Shari'ar haƙƙin ƙirƙira da tambarin kasuwanci kaɗai suke yi. Aikin da aka ɗora mini shi ne in haɗa ɗan taƙaitaccen tarihin ofishin.

Da zumuɗi na faɗa laburare. Kundayen Lincoln's Inn sun faro tun 1422, ni kuma na biye musu. Na rubuta dokar 1624 da ta kafa tushen haƙƙin ƙirƙira, da ta 1710 kan haƙƙin marubuta, har da jan tambarin nan mai kusurwa uku na kamfanin giya na Bass, na farko da aka yi wa rajista a Birtaniya a 1876. Kwana biyu suka tafi, shafi shida, babu layi ɗaya kan ofishin kansa.

Babban akawunsu, wani dattijo, ya duba ya yi murmushi. Shi ya fahimtar da ni cewa nan ba kamfani ba ne. Kowane barista cin gashin kansa yake yi, kuɗin haya da akawuna kawai suka haɗa su. Biyu daga cikinsu ma sukan kara a shari'a ɗaya, su dawo su sha shayi tare. A Ingila galibi wani lauya daban ne ke karɓar mai ƙara, barista ya tsaya a kotu. Ni da na saba da tsarin Najeriya, inda lauya ɗaya ke karɓar mai ƙara ya kuma tsaya gaban alƙali, sai da abin ya ɗaure mini kai. To wurin da ba shi da mai gida ɗaya, wa zai adana masa kundi?

Ya ja ni bakin ƙofa, ya nuna mini allon da aka jera sunaye da fenti. Ya ce in kwafe su, in bi su cikin Reports of Patent Cases, rahotannin shari'o'in haƙƙin ƙirƙira da ake bugawa tun 1884, domin kowace shari'a na ɗauke da sunayen lauyoyin da suka tsaya. Nan na ga wa ya goyi wa, wa ya zama alƙali. Da yawansu ashe kimiyya suka fara karantawa kafin lauya.

Sauran kuwa daga bakin dattijon na ɗebo, ranar Juma'a da yamma, yana magana yana ɗaure takardu da zare ruwan hoda.