Godiya ga Mutanen da Suka Tsaya Mana a Hanyar Tsanyawa

Assalamu alaikum. Yau kwana huɗu da watsewar bikin ƙanwata, sai yanzu na samu natsuwar rubuta godiyar da na riƙe a raina tun daren Larabar nan.

Mun taso daga Dawanau bayan la'asar, ni da Gwaggona, a tsohuwar Hilux ɗina mai fetur. An ɗaure mana buhunan shinkafa da masara da jarkokin man gyaɗa na abincin biki, za mu Kankiya. Tun kafin Bichi jar alamar batir ta kama a dashbod. Ban ɗauke ta a bakin komai ba, saboda makon da ya wuce na sayi sabon batir. Wanda ya sayar mini ko mita bai ɗauko ba, ya ce tsohon ne ya mutu, ni kuma na yarda. Da magariba na kunna fitila, sai ga haskenta ja-ja kamar aci-bal-bal. Hon ya shaƙe. Muna dab da Tsanyawa mota ta yi shessheƙa sau biyu ta mutu. Na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas kawai nake ji.

Godiyata ta farko ga samarin da suka baro teburin mai shayi suka turo mu daga kan kwalta, da kaya niƙi-niƙi. Na miƙa musu ɗan abin goro, suka ƙi karɓa. Mai shayin ya kira mahaifinsa. Dattijon na zuwa ya dubi Gwaggo ya ce, "Hajiya, ba za ki kwana a titi ba muna garin nan." Iyalinsa suka tafi da ita cikin gida, suka ba ta tuwo da shimfiɗa. Shi kuwa ya jawo tabarma ya kwana tare da ni a gindin mota, yana gadin kayan da bai san mai su ba. Baba, Allah Ya saka maka da gidan Aljanna.

Sai Malam mai rewaya, wanda aka ɗauko mini a babur bayan asuba. A kansa nake so in tsaya. Na tarbe shi da cewa sabon batir ne ya ci amanata. Ya ce, "Alhaji, bari mu auna tukuna." Ya ɗora mita a kan batirin, ta nuna 11.5. Ya sa wani cikakke da ya zo da shi, 12.6, mota ta tashi. Sai ya ce in duba da idona: inji na aiki, amma lambar sai sauka take yi, 12.3, 12.1, da aka kunna fitila ta ƙara faɗuwa. Ya ce in altaneta, na'urar da ke cajin batir, na da lafiya, daga 13.8 zuwa 14.4 ya kamata a gani. Ashe tun daga Kano batirin kaɗai ke ciyar da famfon mai da fulogogi da fitilu, ba abin da ke mayar masa, har ya ƙare.

Wani direba da ya tsaya kallo ya ce a cire kan batir inji na aiki, in ta mutu an gane. Malam ya hana, ya ce a motar da ke da kwamfutar inji, wannan gwajin yana iya ƙona ta. Bai kuma yi saurin yanke hukunci ba. Ya danna fambel da yatsa ya ji a ɗaure yake, ya duba fis, ya bi babbar wayar har zuwa kan batir. Sai da duk suka fita lafiya ya kwance altanetar ya buɗe ta a kan buhu. Burushin ya cinye saura ɗan guntu, dayod sun ƙone, wayar kwayil ta yi baƙi tana ƙauri. Ya ce da burushi ne kaɗai, nan take zai sa mini sabo in wuce, amma in ya lallaɓa wannan ya karɓi kuɗina, ya cuce ni.

Ƙanina, kai ma na gode. Tun da sassafe ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman wata altaneta. Ta farko da aka miƙo maka ta dizal ce, mai famfon iskar birki a bayanta, Malam ya gane daga hoton WhatsApp ya ce a mayar. Ka koma ka nemo 'yar Beljiyom mai soket irin tamu, ka hau mota ka kawo da kanka. Da aka ɗaura, mita ta nuna 14.2, da fitila a kunne ma ba ta sauka ƙasa da 14 ba. Jar alamar nan ta ɗauke. Gwaggo tana bakin ƙofar gidan Baba, ta ɗaga hannu tana hamdala.

Mun isa Kankiya da azahar, masu girki har sun haɗa murhu suna jiran shinkafa. Gwaggo ta ware ƙwaryar alkaki da nakiya ta ce ta gidan Baba ce, ranar Asabar in sha Allahu zan kawo da hannuna. Malam, zan biyo ta rumfarka da tsohon batirina da na ajiye a gida, ka auna mini shi. Allah Ya yi wa sana'arka albarka, Ya raya zuri'arku baki ɗaya.