Kwana Huɗu Ina Bin Hatimi

Da asuba na shiga mota zuwa babban birni, jakar takardu a kan cinyata, don ban yarda a sa ta a but ba. A ciki akwai takardar rajistar kamfaninmu, da kundin ƙa'idojinsa, da takardar wakilci ta wanda zai buɗe mana asusun banki a ƙasar Sin. Bankin ya ce ba zai kalli ko ɗaya ba sai an tabbatar da su a hukumance.

Ina sauka na wuce ofishin jakadancin ƙasar Sin kai tsaye. Matar da ke taga ta juya takardun gaba da baya, ta ce, "Malam, ka fara daga wutsiya. Mu sa hannun ma'aikatar harkokin wajenku muke tabbatarwa, kuma babu shi a nan."

A nan na gane abin sarƙa ne. Lauya mai shaidar takardu, wanda ake kira notari, shi ke fara buga hatimi. Ma'aikatar harkokin waje ta shaida sa hannun da ke kai, sannan ofishin jakadanci ya shaida na ma'aikatar. Kowa na tsaya wa wanda ya gabace shi ne. Babu mai cewa abin da takardar ta ƙunsa gaskiya ne, wannan nauyin yana wuyanmu.

A layin ma'aikatar, wani dattijo ya ba ni labarin yarjejeniyar Hague ta 1961, wadda ta taƙaita duk wannan zuwa shaida guda, apostil. Sin ma ta fara aiki da ita a Nuwamban 2023. Na ce, "Baba, to me ya sa muke layi?" Ya ce sai ƙasashen biyu duk suna ciki take amfani, tamu kuwa ba ta shiga ba.

Rana ta uku ce ta fi ba ni wahala. An samu harafi ɗaya ya bambanta a sunan kamfanin tsakanin fassara da asali. Na ji zafi sosai, amma gara da aka gano a nan, da a ce bankin ne ya dawo da su bayan wata guda. Aka sake fassarar, na koma wurin notari, na sake bin layi.

Ranar Alhamis da yamma na karɓi takardun. Kafin in kama hanyar gida na tsaya na ɗauki hoton kowane shafi, sannan na miƙa su ga kamfanin aika saƙo.