Kantun riɗi ba sukari: a ƙarshe ya tsaya, kuma ƙaro ne ya riƙe shi

Alhamdulillahi, 'yan uwa, kantun ya tsaya. Ya yi sheƙi, in aka karya sai ya ce ƙas, ba ya marmashewa a hannu, kuma ko ƙwayar sukari babu a cikinsa. Ni kaɗai na san riɗin da ya salwanta kafin a zo nan, shi ya sa na ce bari in rubuta muku tun abin yana da zafi a raina.

Tun da likita ya ce Inna ta rage tuwo da shinkafa, ta kuma haƙura da kayan zaƙi saboda ciwon suga, na tsara wa kaina yadda zan bi kayan ƙwalama ɗaya bayan ɗaya: in fara da awara, in koma ƙuli-ƙuli, sai kantu, in rufe da kek na garin kwakwa kafin sallah. Wannan tsari tuni ya bi ruwa. Awara ba ta ba ni wuya ba, a yanka ta siri-siri a soya ta bushe a barbaɗa yaji, an gama. Ƙuli-ƙuli kuwa nakan karɓi tunkuza wajen mai matsar man unguwarmu in murza da kaina, don na kasuwa ba a sanin wanda aka ƙara wa gari ko sukari. Kek ɗin har yau ban taɓa shi ba. Kantu ne ya cinye lokacin duka, don shi Inna take kewa, ba awara ba. Mace ce da shekara da shekaru ba ta shan shayin la'asar sai da kantu a gefen kofi, rana ɗaya aka ce ta bari.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, a kantu sukari aiki biyu yake yi. Yana ba da zaƙi, wannan kowa ya sani. Amma kuma shi ne danƙon da yake haɗa ƙwayoyin riɗin. In aka narka shi ya kai wajen digiri 150, da ya huce sai ya daskare garau, mai ƙarfi, ya kulle kowace ƙwaya da 'yar uwarta. Yawancin abubuwan da ake sayar mana a matsayin madadin sukari aikin farko kawai suke yi. Na biyun babu ruwansu da shi, kuma babu mai gaya miki haka lokacin da kike miƙa kuɗinki.

Da eritiritol na fara, wani farin gari mai zaƙi da ake sawa a madadin sukari, kuma kuɗinsa har yanzu yana min ciwo. Ban same shi a Katsina ba, sai daga Kano aka sako mini a mota, rabin kilo ya tasar mini naira 9,000 har da kuɗin direba. Na zuba a kasko ina murna, ya narke da wuri, don shi a digiri 121 yake narkewa. Amma tsululu ya narke, ba kauri, ba ya ja, ba ya wannan ƙamshi na sukarin da ya fara ƙonewa. Na juye riɗi, na baza a faranti, na danne da kwalba. Da ya huce sai ya koma fari fat, tsaki-tsaki, ina ɗagawa ya wargaje. Wanda ya ɗan dunƙule kuma in aka sa a baki sai wani sanyi ya bi harshe, kamar an tsotsi Tom Tom tare da riɗi. Inna ta ɗanɗana ta ajiye, ba ta ce komai ba, shirun nan ya fi min zafi a kan ta kushe. Na rage wuta, na ƙara wuta, na sa man shanu, na ɗiga lemun tsami, duk kanwar ja ce. Halinsa ke nan: in ya huce ƙwayoyinsa yake komawa, ba ya zama danƙo. Wadda duk take shirin saye don ta yi kantu ko alawar gyaɗa da shi zalla, don Allah ta riƙe kuɗinta.

Sitibiya kuwa, zaƙin da ake tatsowa daga wani ganye, ba a ma maganar riƙo. Ta fi sukari zaƙi ninki 200 zuwa 300, don haka ɗigo kaɗan ake sawa, ba ta da jikin da za ta haɗa komai, in ta yi yawa kuma ga maƙaƙi a maƙogwaro. Ku riƙa juya bayan kwalin kuna karantawa. Da yawa daga masu ƙananan leda an cika su da maltodekstirin ko dekstiros don su yi auki, su kuwa waɗannan suna tayar da suga da gaggawa.

Masu ƙaunata sun yi ta ba ni shawara. Gwaggona ta ce, «Ke 'yar nan, ki sa mazarƙwaila mana, ai ba ta bature ba ce.» Wata ta ce zuma, wata ta ce in daka dabino. Ba na raina zuma da dabino, albarkarsu ba a musu a kanta. Amma zuma giram 100 tana ɗauke da wajen giram 82 na sukari, dabino wajen 65, mazarƙwaila kuwa ruwan rake ne aka dafe, sukari ce tsantsa. Za su riƙe kantun, ƙwarai kuwa, sai dai na'urar gwajin Inna ba ta tambayar daga gona abin ya fito ko daga kamfani.

Sai na bar neman abu ɗaya mai yin aikin biyu. Na ce zaƙi daban, danƙo daban.

Farin ƙwai na fara gwadawa a matsayin danƙo, kuma ya riƙe. Ranar ce karon farko da na ɗaga yanka guda bai rabu ba. Amma abin da ya fito biskit ne na riɗi, ba kantu ba: fuskarsa dishi-dishi, ba ƙyalli, in ya kwana kuma ƙarni ya taso. Na ƙara citta da kanumfari, ƙarnin ya ɓuya, riɗin ma ya ɓuya tare da shi. Na daɗe a nan ina ta kewaye, kiret ɗin ƙwai ya haura naira 5,000, gas yana ta ƙarewa, har na fara cewa a raina ko dai in haƙura in kira shi biskit kowa ya huta.

Ƙaro a wajen mai wankin hula na tuna da shi. Na aiki yaro karɓo hulunan maigida, suka zo a tsaye ƙyam suna sheƙi, na ce to, abin da ya sandarar da hula me zai hana ya sandarar da riɗi? Ƙaron nan da almajirai suke sawa a tawada, wanda ake samu a jikin dakwara, shi ne kamfanonin alawa da lemun kwalba na duniya suke saye daga Sudan da Chadi da Nijeriya. In kun ga E414 a bayan kwali, shi ne. Kusan dukkansa irin dusar nan ce mai narkewa a ruwa wadda hanji ba ya mayar da ita suga. Na shiga kasuwar 'Yar Kutungu wajen masu kayan ƙamshi na tsinci farare masu haske, na bar jajaye masu ɓawon itace, don su bauri gare su. Kuɗin bai kai na kofin riɗi ba. Da na tuna kuɗin eritiritol sai da na yi tsaki.

Shi ma ƙaron in shi kaɗai ne ba ya yi. Yana daɗewa bai bushe ba, in ya bushe kuma ya yi tauri yana manne wa haƙora, tsohuwa ba za ta iya da shi ba. Haɗa shi da farin ƙwai ɗaya ne ya kawo gyara: ƙwan ya kama da wuri ya sa abin ya yi sauƙin karyewa, ƙaron ya ba da sheƙi da ƙarfi, kuma da yake ƙwan ya ragu, ƙarni ya tafi.

Ga awon da ya yi mini, kuma da sikeli nake yi, ba da kofi ba, don a nan giram 10 ma canja komai yake. Riɗi giram 200, wankakke, regagge, busasshe. Ƙaro giram 20, a daddaka a jiƙa da ruwan ɗumi cokali 3 tun dare, da safe a tace da ƙyallen tata. Farin ƙwai 1. Eritiritol giram 25, a niƙe shi ya yi laushi lilis, in ba haka ba za a ji shi garas-garas. Ɗigon sitibiya zalla 4 ko 5, gishiri ɗan mitsitsi, citta kan cokali.

Wurare uku ne abin yake lalacewa. Na farko suyar riɗin. A kantun gargajiya mun saba soya shi har ya yi ja, don daga nan ba zai sake ganin wuta ba. Wannan kuwa gashi zai shiga, don haka da ya fara tsalle a kasko ya yi ƙamshi a sauke, yana nan da haskensa. In ya yi ja tun a kasko, a gashi zai ƙone, ɗacin ƙonannen riɗi kuma babu zaƙin da yake rufe shi. Na biyu, a ɗebi giram 50 a cikin riɗin a kirɓa a turmi har ya fara fitar da mai, a mayar cikin sauran. Wannan kirɓaɓɓen shi yake cike ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyi, wurin da a da sukari yake cikewa. Kafin in gano haka gefen yankan kullum zubewa yake. Na uku, kada a kaɗa ƙwan ya yi kumfa. A motsa shi da cokali mai yatsu ya saki kawai. Kumfa iska ce, iska kuma ita take mayar da shi biskit.

In aka gauraya za ki ga kamar ruwan bai isa ba. Ya isa, kada ki ƙara. A baza a kan takardar gashi, a rufa wata, a murza da kwalba da ƙarfi har kaurin ya dawo kamar na kwabo biyu a haɗe, milimita 4 ke nan ko ƙasa da haka. Gashi a digiri 140 zuwa 150 na minti 20, a fito da shi a yanka tun yana da laushi, a juya, a mayar na wasu minti 10 zuwa 15, a kashe wuta a bar shi ya huce a ciki. Yana da zafi za ki taɓa ki ji yana lanƙwasa, ranki ya ɓaci. Ki ba shi lokaci, sai ya huce sarai yake ƙamewa. Na gwada a tukunyar yashi ma, saboda wutar lantarki ba ta tsayawa, ya yi. Garwashi kaɗan a ƙasa, mafi yawa a kan murfi, don ta ƙasa yake ƙonewa.

Lissafin shi ne ya fi faranta mini. Riɗin da ba a surfe ba giram 100 yana da wajen giram 23 na dangin sitaci, rabi kuwa dusa ce da ba ta shiga jini. Ke nan giram 200 bai wuce 23 ko 24 na wanda ake gudu ba. In aka yanka gida 20, kowane yanka giram ɗaya da 'yan kai. Kantun da na tashi ina yi, sukari giram 150 nake zuba wa wannan riɗin, yanka ɗaya ya haura giram 8. Inna ta ci biyu da shayi ba madara, muka gwada suganta bayan awa 2, bai yi wani motsin a zo a gani ba. Ta ce, «Wanga dai kantu ne.» Wallahi sai da na ji hawaye.

Akwai dalilin da ya sa na tsaya a giram 25 na eritiritol, ban da tsada da sanyin baki. A 2023 masu bincike na Cleveland Clinic a Amurka sun fitar da sakamakon da ya nuna alaƙa tsakanin yawansa a jini da gudajin jini, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ba a gama magana a kai ba, amma Inna tana da hawan jini, ba zan yi gwaji da ita ba. A wannan awo yanka ɗaya giram ɗaya da kwata yake ɗauka, kuma na sanar da likitanta. Wadda take yi wa mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar rage suga, ita ma ta yi magana da likita kafin ta janye sitaci da yawa, don sugan yana iya faɗuwa ƙasa. Ƙaron kuma in aka zarce yana kumbura ciki, kada a ce tunda arha ne a ninka.

Abin da ya rage mini yanzu ajiya ce. Muna cikin hunturu, iskar Katsina a bushe take ƙamas, ko a faranti na bar shi ba ya saki. Amma na sa yanka ɗaya kusa da tukunyar ruwan zafi don in ga halinsa, kafin magariba ya yi laushi, domin ƙaro da ƙwai duk masu shan raɓa ne. Da alama damina za ta ba ni aiki. Yanzu a kwalbar gilashi mai murfin roba nake zubawa, na kuma ga in ya saki, minti 5 a wuta maras ƙarfi yana dawo da shi. Zan gwada rage ƙaron zuwa giram 15 in ƙara kirɓaɓɓen riɗin, in ga ko maiƙon zai tare danshin. Sannan ina son in bi wannan hanya da gyaɗa, sai dai ƙwayarta ta fi girma, ina jin sai an ɓarza ta kafin ƙaro ya iya riƙewa. Wadda ta riga ni gwadawa, ko take zaune inda ake da laima, don Allah ta gaya mini kwana nawa nata ya yi kafin ya saki.