Kawo Mini Tsohon Kambas Ɗinka Tukuna

Sati biyu bayan ƙaramar Sallah shagona ya fi cika. Wani wata guda ya yi bai motsa jiki ba saboda azumi, wani kuwa shekara uku rabonsa da gudu, sai da kayan Sallah suka matse shi ya ɗaura niyya. Haka ma idan hunturu ya sassauta, don sanyin Jos na Disamba da Janairu yakan tsare mutane da yawa cikin bargo da asuba. Duk wanda ya shigo ya ce mini yana son komawa gudu, maganata ɗaya ce: koma gida ka ɗauko mini tsohon kambas ɗinka tukuna. Wasu sukan ji haushi, su ce sun zo da kuɗi a hannu ana mayar da su. To, ni ban iya sayar wa ƙafar da ban sani ba, kuma babu abin da ke ba da labarin ƙafa kamar takalmin da ta tsufar.

Idan aka kawo, nakan kife shi a kan tebur in dubi ƙasansa. Mai taka ƙasa da diddige, za ka ga gefen waje na bayan takalmin ya siɗe kamar an goge shi da dutse. Wanda ƙafarsa ke karkata ciki, takalminsa ba ya tsayuwa daidai, sai ka ga bayansa ya jingina gefe guda kamar tsohuwar katanga. Wani na hagu ya cinye fiye da na dama, in tambaye shi ko ya taɓa targaɗe, ya tsaya yana kallona ya ce, "Malam, wa ya faɗa maka?" Sai in zare shimfiɗar ciki in ga inda babban yatsa ya haƙa rami, in danna soson tsakiya da babban yatsana. Soso mai rai yakan lotsa ya dawo nan take. Wanda ya mutu kuwa ko dai ya ƙame kamar katako, ko ya lotsa ya zauna, da layukan tamoji a gefensa. Daga nan in kama gaba da baya in murɗa shi kamar ana matse wanki. In ya murɗu ba gardama, ya gama aiki, sai dai a je kasuwa da shi.

Wannan karatun takalmi a wurin kawuna na koye shi, Allah ya jiƙansa. Gwanjo yake sayarwa a kasuwar Katako, yana kuma gyara, ni kuma ina ɗan shekara goma sha biyu aka kai ni wurinsa. Shekarata ta farko ban taɓa basilla ba, wanki kawai nake yi: buroshi, sabulu, bokiti biyu, sannan in jera su a inuwa. Ranar da na shanya wasu a tsakiyar rana don su bushe da wuri, gam ɗinsu ya saki, bakin takalman ya buɗe. Bai dake ni ba. Ya zaunar da ni ya sa na kankare tsohon gam ɗin gaba ɗaya, na goge da samfefa, na shafa sabo a ɓangarorin biyu, sannan ya riƙe hannuna ya ce in jira. Ina ɗokin mannawa, yana cewa, "Bar shi ya sha iska, sai ya daina kama yatsa." Har yau idan na ga yarana na shago suna gaggawar manna gam yana ɗanye, muryarsa nake ji. Shi ya koya mini ɗinkin da ake bi ta cikin tsagi don kada zare ya taɓa ƙasa ya cinye, da yadda ake sa wa bayan takalmi sabuwar fata mai laushi daga ciki in ya fara cizon agara.

Gudu kuma a makarantar sakandare na same shi. Wanda ya tashi a Filato ba ya rasa ganin masu gudu. Garin Jos yana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma yaran Pankshin sun daɗe suna riƙe da dogon gudu a ƙasar nan. Mukan je filin wasa na Rwang Pam mu zauna muna kallonsu suna zagaye, siraran mutane, ƙafarsu kamar ba ta taɓa ƙasa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takalmansu. Da yawa gwanjo ne da aka ɗinke aka sake ɗinkewa, wasu ma a rumfar kawuna. Tun lokacin na ƙudurta cewa in na buɗe nawa wurin, kayan masu gudu zan riƙe.

Na yi gudu sosai har na yi aure, shago ya kankama, sai na ajiye. Shekara shida ban yi ba. Ranar da na dawo, na jawo tsohon takalmina daga ƙarƙashin gado, na kaɗe ƙura, na nufi hanyar Lamingo kamar jiya na bari. Zuciyata tana tuna nisan da na saba, na kuwa bi ta. Cikin sati uku numfashina ya fara daidaita, na ji daɗi, na ƙara nisa. A sati na huɗu ƙwaurina ya kama ciwo, irin wanda ko taka matakala sai ka cije leɓe, kuma sai da na yi kusan wata biyu a zaune. Abin da na gane a jikina, daga baya kuma masu horarwa suka tabbatar mini, shi ne huhu da zuciya suna saurin dawowa, amma agara da ƙashi da gwiwa a hankali suke ƙarfafa. Mai dawowa yana jin ƙarfi a ƙirji alhali ƙafarsa ba ta shirya ba. Ga shi takalmin da na amince da shi, ko da yake ƙasansa bai cinye ba, sosonsa ya bushe a ajiye. Takalmi yana tsufa ko ba a sa shi ba.

Shi ya sa ba na barin mai dawowa ya fita da leda kawai. Nakan ce masa sati biyun farko ya haɗa tafiya da sassarfa, minti ɗaya yana sassarfa, minti biyu yana tafiya, na kamar minti ashirin, sau uku a sati, da ranar hutu a tsakani. Ya yi gudun da zai iya hira da na kusa da shi ba tare da haki ya yanke masa magana ba. In ya samu turbar ƙasa ya fi masa kwalta. Tsamin jiki na kwana biyu ba komai ba ne, amma ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, ko wanda ke sa ɗingishi, wannan a tsaya. Wanda ya manyanta, ko mai hawan jini ko ciwon suga, nakan roƙe shi ya fara ganin likita. Wani Alhaji ya taɓa ce mini, "Kai takalmi kake sayarwa ko asibiti ka buɗe?" Na ce, "Ranka ya daɗe, so nake ka dawo ka sayi na biyu." Ya dawo kuwa, har da ɗansa.

Awo ma da yamma na fi son yi, saboda ƙafa takan ɗan kumbura bayan yini, kamar yadda take yi a cikin gudu. Mutum ya tsaya a kan farar takarda da safar da zai riƙa gudu da ita, in zagaye ƙafafun biyu da biro, don da wuya ka samu sun zo daidai. Tsakanin dogon yatsa da bakin takalmi sai an bar faɗin babban yatsan hannu, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita, musamman a gangaren duwatsunmu. Lamba kuwa ba na dogara da ita. Lamba 42 ta wannan kamfani ba ita ce 42 ta wancan ba, ga ta Ingila daban, ta Amurka daban. Santimitar da ke rubuce a harshen takalmi na fi dubawa. Mutanenmu da yawa faffaɗar ƙafa gare su, don a silifa da takalmin fata muka girma, yatsu sun baje yadda suke so. Ka cusa irin wannan ƙafa a siririn kambas, kafin kilomita biyar bororo ya tashi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabu. Kasuwa ta cika da takalma masu tambarin Nike da Adidas da Asics, kala mai ɗaukar ido, kwali sabo fil, amma ka ɗaga ka ji ko dai nauyi kamar bulo ko kuma fayau kamar kwali. Ka shinshina, warin gam da roba ya bugi hancinka. Ka zare shimfiɗar ciki ka ga ramuka a ƙasa maimakon soso. Lambar da ke harshe ba ta yi daidai da ta jikin kwali ba, wani lokaci ma ƙafar hagu da ta dama lambarsu ɗaya da ta wani samfuri daban. Matashi zai saya don araha, ya yi sati uku yana buga ƙafarsa a kwalta, gwiwa ta kumbura, ya ce gudu bai karɓe shi ba, ya bari har abada. Wannan ne ke ƙona mini rai, don ba kuɗinsa kaɗai aka cuta ba, an raba shi da abin da zai amfane shi. Ni na fi yarda in ba mutum gwanjo na asali mai sauran rai da in ba shi sabon jabu.

Gwanjon ma sai da ido. Akwai wani dila da na yi shekaru ina karɓar kaya a hannunsa, ya rantse mini cewa buhun lamba ɗaya ne. Na kwance, na sama kyawawa, na tsakiya kuwa rabi duk matattu, an wanke an shafa musu farin fenti a gefen soso don ya ɓoye tamoji. Har da waɗanda sosonsu ke marmashewa a hannu kamar tsohon burodi, irin wanda danshi ya ci a ajiya. Na ware su gefe, ko ɗaya ban sayar wa mai gudu ba, kuma daga ranar ban sake karɓar buhu a ɗaure ba. Ɗaya bayan ɗaya nake zaɓa, in duba kwanan watan da aka ƙera shi a harshe in akwai, in danna, in murɗa. Masu ƙera takalma sukan ce a canza bayan kilomita 500 zuwa 800, to gwanjo ba ya zuwa da takardar nisan da ya yi, yatsanka ne zai faɗa maka.

Yanzu kuma samari sun ga bidiyo a waya, kowa takalmi mai farantin kabon yake nema, wato wani siririn faranti mai tauri da ake sawa a cikin soson takalmi, irin wanda Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya sa a birnin Biyana na Ostiriya a 2019 ya gama kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Takalman nan gaskiya ne suna da aiki, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta sa doka a 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin gasar titi kada ya wuce milimita 40. Amma don gasa aka yi su, ba sa daɗewa, kuma dogaye ne masu lilo, mai dawowa daga dogon hutu idon sawunsa bai da ƙarfin riƙe su. Mafi yawan waɗanda ake tallatawa da arha ma babu kabon ɗin a ciki, roba ce aka yi wa zane. Nakan tuna musu Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci zinare a gudun fanfalaki na gasar Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Ba cewa nake a yi gudu ƙafa ba takalmi ba, titunanmu akwai kwalba da ƙusa. Ina nufin shekarun horo ne suka kai shi.

Ɓangaren sutura matata ce ke riƙe da shi, da keken ɗinki biyu a bayan shago. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ta yi nauyi, ta goge fata, kuma a sanyin asubar Jos rigar da ta jiƙe ita ke sa sanyi ya ratsa jiki. Yadi mai saurin bushewa muke sayowa, ta ɗinka da ɗinki kwantacce wanda ba ya cizo a hammata da cinya. Abin da na fi alfahari da shi kayan mata ne. Mata da yawa suna son dawowa motsa jiki bayan haihuwa, abin da ke hana su rashin suturar da za su fita da ita hankali kwance. Ta fitar da doguwar riga har gwiwa mai tsaga a gefe, da wando sakakke mai roba a idon sawu, da ƙaramin hijabi mara nauyi wanda ba ya buƙatar fil kuma iska ba ta ɗaga shi. Sau huɗu ta warware na farkon kafin wuyan ya zauna yadda take so. Ita ke auna mata da kanta a ciki. Safa kuma kada a raina ta, mai kauri a diddige wadda ba ta da dunƙulen ɗinki a kan yatsu, da ɗan basilin a inda fata ke gogayya.

Masu tayi ba sa ƙarewa. Mutum zai zauna in auna shi, in karanta masa tsohon takalminsa, in fito da ƙafa biyar ya gwada, ya zagaya bayan shago da sassarfa, sannan ya ce ya ga irinsa a waya rabin kuɗin. Nakan ce albarka, in ba shi takardar awonsa ya tafi da ita, don ƙafarsa ce. Wani malamin makaranta ya yi mini haka bara, bayan wata biyu sai ga shi da jabun a leda, ƙasan ya rabu da sama, yana tambaya ko zai gyaru. Na ce, "Malam, gam zai kama, amma ƙwaurinka ne zai biya." Ya ɗauki gwanjon Asics ɗin da ya raina da farko, muka fara daga minti ɗaya. Yanzu shi ke riga mu isowa ranar Asabar, don mukan haɗu a ƙofar shago bayan sallar asuba, masu dawowa a gaba su tsara saurin tafiya, tsofaffin hannu a baya. Ya ce yana son ya gwada gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016, akasari kuma a Fabrairu ake yin sa. Na ce ya fara da na kilomita goma, kuma ya kawo mini takalmin a watan Nuwamba in danna sosonsa.